Tamowa a Maraɗi da Damagaram: Abin da Agajin Gaggawa Ya Magance da Abin da Ya Bari

Daminar 2004 ta ɗauke da wuri a sassa da dama na Jamhuriyar Nijar, fara kuma ta biyo baya ta afka wa gonaki da makiyaya. Zuwa watan Yulin 2005, hotunan yara masu tamowa daga Maraɗi sun karaɗe duniya. A wannan shekara kaɗai, ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF, ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar. Daga nan ne salon ceto yaro mai tamowa ya sauya a duniya baki ɗaya: aka rage dogaro da gadon asibiti, aka mayar da mafi yawan jinyar gida, a hannun uwa. Kimanin shekara ashirin ke nan da wannan sauyi, kuma lokaci ya yi da za a auna alherinsa da giɓinsa, domin tamowar na nan tana dawowa kowace damina a ɓangarori biyu na iyakar Nijar da Najeriya.

Fari ya tayar, amma ba shi ya shuka ba

Duk wanda ya dubi alƙaluman amfanin gona na 2004 zai ga abin mamaki. Hatsin da Nijar ta noma ya gaza matsakaicin shekaru biyar da suka gabata da kusan kashi 11 cikin 100 ne kawai. Wannan giɓi ne, amma ba irin wanda zai kwantar da dubun dubatar yara shi kaɗai ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, mafi yawan yaran da aka kai cibiyoyin jinya sun fito ne daga kudancin Maraɗi da Damagaram, yankunan da ke cika rumbun ƙasar, ba daga arewa inda fari ya fi ƙuna ba.

Amsar tana kasuwa. Ƙaramin manomi a waɗannan yankuna ba ya noma abin da zai kai iyalinsa wata kaka. Gonar da ya gada an rarraba ta tsakanin magada har ta zama 'yar ƙarama, ƙasar kuma ta gaji. Da kaka yakan sayar da gero da araha don biyan bashi da hidimar gida, sannan ya koma kasuwa da damina ya sayi geron nan da tsada. A 2005 farashin buhun gero ya ninka, a wasu kasuwanni ya wuce ninki, saboda hatsi na bin inda ya fi daraja, har da kasuwannin Najeriya, wasu ƙasashen maƙwabta kuma sun taƙaita fitar da nasu. A daidai lokacin farashin dabbobi ya faɗi, don haka akuyar da a da za ta sayo hatsin makonni ta koma ba ta sayen na kwanaki. Kasuwa cike take da abinci, aljihun talaka ne babu komai.

Ko a gidan da ake samun na sa wa baki, ba kowane abinci ne ke gina yaro ba. Daga wata shida zuwa shekara biyu, jikin yaro na buƙatar madara, mai, ƙwai, wake ko nama, ga cikinsa ɗan ƙarami. Tsinkakken kunun gero da fura marar nono suna cika ciki, ba sa gina jiki. Idan kwanika ta shigo, aka yaye yaro ba zato ba tsammani, sai ya rasa nonon da ke riƙe da shi. Uwar kanta sau da yawa yarinya ce da aka aurar da ƙuruciya, ga ƙarancin jini, ga aikin gona da daka da ɗebo ruwa. Sannan cuta ta zo ta ƙarasa: lokacin da rumbu ya ƙare shi ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke ganiyarsa, ga gudawa daga gurɓataccen ruwa, ga ƙyanda inda ba a yi rigakafi ba. Cuta na hana yaro cin abinci, rashin abinci na raunana garkuwar jikinsa, kowanne yana ƙara wa ɗaya ƙarfi. Saboda haka ne ko a shekarar da aka yi damina mai albarka, cibiyoyin tamowa ke cika daga Yuli zuwa Oktoba.

Jinkirin da ya ci rayuka

An san matsala na tafe tun bayan girbin 2004. Amma matakin da gwamnati da masu ba da tallafi suka fi amincewa da shi shi ne sayar da hatsi da rangwame, bisa tsoron kada rabon kyauta ya lalata kasuwa. Wanda ba shi da ko dala kuwa, rangwame bai amfane shi da komai ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dalar Amurka miliyan 16 a watan Mayun 2005, amsa ta zo da sanyin jiki har sai da gidajen talabijin suka nuna yaran Maraɗi. Shugaba Mamadou Tandja ya musanta cewa ana yunwa a ƙasarsa, rabon abinci kyauta mai yawa kuma bai kankama ba sai a watan Agusta, watan da Kofi Annan ya ziyarci Damagaram. Jami'in agaji na Majalisar a lokacin, Jan Egeland, ya yi nuni da cewa abin da za a kashe don kare yaro tun farko ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin ceto shi bayan ya galabaita. Irin wannan jinkiri ya sake faruwa a Somaliya a 2011, inda aka ƙiyasta mutum kusan 258,000 sun rasu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma da yawansu tun kafin a ayyana yunwa a hukumance.

Daga gadon asibiti zuwa hannun uwa

A tsohon tsari, duk yaro mai tamowa mai tsanani sai an kwantar da shi, ana ba shi madara ta musamman da ake haɗawa da tsabtataccen ruwa, uwarsa na zaune da shi kusan wata guda. Macen ƙauye mai 'ya'ya biyar a gida da gona a tsakiyar damina ba za ta iya wannan zama ba. Da yawa ba sa zuwa, wasu kuma su gudu da yaro kafin ya warke. Gadaje ma ba sa isa, cunkoso kuma na yaɗa cuta tsakanin yaran da jikinsu ya riga ya yi rauni.

Abin da ya buɗe hanya shi ne wani haɗi na gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, wanda likitan Faransa André Briend da kamfanin Nutriset suka samar a 1996 da sunan Plumpy'Nut. Ba a dafa shi, ba a zuba masa ruwa, ba ya saurin lalacewa ko da babu firji. Leda ɗaya mai giram 92 na ɗauke da ƙarfin abinci kalori 500, katan ɗaya mai leda 150 kuma kan isa jinyar yaro ɗaya cikin mako shida zuwa takwas. An fara gwada jinyar gida da shi a Habasha da Malawi, amma a Nijar ne aka ga aikinsa a kan dubban yara a lokaci guda.

Tsarin mai sauƙi ne. A auna damtsen yaro da ɗan zare mai launi uku. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115 a ma'aunin yanzu, ko kuma ƙafafunsa biyu sun kumbura, yana cikin haɗari. Sai a gwada ko yana iya ci. Idan ya ci kuma babu wata cuta mai tsanani, a ba uwarsa maganin ƙwayoyin cuta da abincin mako guda, ta koma gida ta dawo awo mako mai zuwa. Wanda ya ƙi ci, ko yake da zazzaɓi mai zafi ko ciwon huhu, shi ake kwantarwa. Da wannan tsari, yaran da suka warke a shirin MSF na Maraɗi a 2005 sun kai kusan tara cikin goma. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Samar da Abinci ta Duniya suka amince da shi a hukumance.

Alherin ya wuce shekarar fari. Wani kamfani a Yamai ya shiga sarrafa abincin a cikin gida. A 2006 Nijar ta ayyana jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Da fari ya dawo a 2010, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ta amince da matsalar a fili, aka yi jinyar yara sama da 300,000 a shekarar, mafi yawa ta cibiyoyin lafiya na gwamnati. A Mirriya ta Damagaram, ƙungiyar BEFEN ta 'yan Nijar tare da ƙungiyar agaji ta ALIMA sun koya wa iyaye mata auna 'ya'yansu da kansu, aka kuma ga suna gano tamowa da wuri. Mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasar sun sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, sakamakon haɗuwar jinya kyauta da gidan sauro da aikin gina jiki. Duk mai son yara dole ya yaba wannan.

Giɓin da ya rage

Sai dai abincin tamowa magani ne ga yaron da ya riga ya faɗi. Idan ya warke, gidan da ya kwantar da shi zai koma, ga kunun nan, ga rijiyar nan, ga sauron nan. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ganin yaro ɗaya ya dawo karo na biyu. A gidan da kowa ke jin yunwa, uwa kan raba ledar tsakanin 'ya'yanta, wani lokaci kuma a sayar da ita don a sayi tiyar gero. Ɗora wa uwa laifi a nan zalunci ne. Abin da wannan ke nunawa shi ne an kula da yaro ɗaya an bar gidan. Tsumburewa kuma, wadda ke tauye tsayin yaro da ƙwaƙwalwarsa a hankali, har yanzu tana shafar fiye da yara huɗu cikin goma a Nijar, kuma leda ba ta maganinta.

Giɓi na biyu shi ne dogaro. Kuɗin sayen abincin da jigilarsa da alawus ɗin ma'aikata da yawa daga waje suke zuwa. Gwamnati ta sha jinkirta biyan cibiyoyin lafiya kuɗin jinyar da ta ce kyauta ce, har magani ya riƙa yankewa. Siyasa ma ta shiga: a 2008 hukumomi sun dakatar da aikin reshen MSF na Faransa a Maraɗi. A 2022 tsadar kayan haɗi bayan yaƙin Yukiren ta sa UNICEF ta yi gargaɗin tashin farashin abincin da kashi 16 cikin 100. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, rufe iyakoki ya tsayar da kayan agaji a hanya. A 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, wadda ke cikin manyan masu sayen wannan abinci a duniya. Rayuwar yaro a Madarumfa ta jihar Maraɗi ta rataya ke nan a kan shawarar da ake yankewa a biranen da ba su san sunan garinsa ba.

Wannan darasi bai tsaya a Nijar ba. An sha ganin iyaye mata daga jihar Katsina suna tsallaka iyaka da 'ya'yansu zuwa cibiyoyin Ɗan Isa da Madarumfa. A Katsina da Zamfara da Sakkwato, 'yan bindiga sun yi wa noma abin da fari ke yi, sun raba manoma da gonakinsu, ga tsadar abinci. MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina a watanni shida na farkon 2025, saboda ba su samu kulawa da wuri ba.

Inda nauyi ya faɗa

Idan aka ɗora komai a ma'auni, jinyar gida ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa, kuma babu dalilin ja da baya daga gare ta. Kuskuren shi ne ci gaba da ɗaukar tamowa a matsayin bala'in da ke faɗowa ba shiri, alhali an san watannin zuwanta da garuruwan da take sauka. Abin da aka san lokacinsa wajibi ne ya shiga kasafin kuɗi.

Hakan na nufin gwamnatoci, har da na jihohin arewacin Najeriya, su sayi abincin tamowa da kuɗinsu kamar yadda suke sayen sauran magunguna, su kai shi cibiyoyi tun watan Mayu kafin hanyoyi su lalace. Gyaɗar da ake haɗa shi da ita a yankinmu ake nomanta, kuma akwai masana'antunsa a Yamai da Kano da Legas. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Hakan kuma na nufin haɗa awon damtse da rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina da allurar ƙyanda, domin ma'aikaci ɗaya ya yi aiki uku a ziyara ɗaya. Yana nufin tallafin kuɗi ko hatsi ga gidaje mafi rauni a watannin da rumbu ya ƙare, da bankunan hatsi na ƙauye da za su hana manomi sayar da geronsa da araha. Yana kuma nufin barin yarinya ta girma ta yi karatu kafin ta zama uwa, da maigida ya san cewa ƙwai da wake da nonon akuyar gidansa haƙƙin ƙaramin ɗansa ne kafin su tafi kasuwa. Malamai da sarakuna na da babbar murya a nan, domin ciyar da yaro amana ce a wuyan uba.

Ba za a iya hana fari zuwa Sahel ba, kuma sauyin yanayi na ƙara rikita damina. Amma mutuwar yaro saboda tamowa ba dole ba ce. An san maganinta, an san farashinsa, an gwada shi a Maraɗi an ga ya yi aiki. Abin da ya rage shi ne shugabanninmu su ɗauki nauyin a matsayin nasu, su ware kuɗin kafin yara su fara ramewa, mu kuma mu riƙa tambayarsu nawa suka ware da inda ya tafi.