Tambayoyin da Ake Hana Yaran Jos Yi a Aji

Haƙar kuza ce ta tara wa Jos jama'a tun farkon ƙarni na 20, inda Hausawa da Yarbawa da Ibo suka zo suka zauna tare da Birom da Afizere da Anaguta. Da yawa daga iyayen yau sun yi firamare a benci ɗaya da ɗan wata ƙabila. 'Ya'yansu kuwa ba kowa ne ya samu haka ba. Daga rikicin 7 ga Satumba 2001, zuwa na Nuwamba 2008 da ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, da na Janairu 2010, kowa ya tattara ya koma inda nasa suka fi yawa. Gangare da Unguwar Rogo suka zama na Musulmi, Unguwar Rukuba da Kabong na Kirista, makaranta kuma ta bi unguwa.

Babban dalilin wannan rabuwa tsoro ne, kuma ba a ga laifin iyaye ba. Uwar da ta taɓa ratsa gari cikin tarzoma tana neman ɗanta ba za ta so ya yi nisa da gida ba. Sai kuma aljihu: mai hali ya kai nasa makarantar kuɗi, talaka ya bar nasa a ta gwamnati, duk da cunkoso da ƙarancin kujeru. Ga kuma batun ɗan ƙasa da baƙo, wanda yaro ke ji a hirar manya tun kafin ranar da za a nemi takardar shaidar asalinsa.

Rabuwar ta kawo kwanciyar hankali, wannan ba a musu. Amma ta haifi yaran da labari kawai suke ji game da tsallaken titi, kuma mai ba da labarin sau da yawa wanda aka ƙona wa gida ne. Masu nazarin tarbiyyar yara sun daɗe da nuna cewa ɗan shekara uku zuwa huɗu yana lura da bambanci tsakanin mutane. Yana ganin wanda ya zo da kuɗin tara da wanda ya zauna gefe yana haɗiyar yawu. Yana ganin 'yan mata ne ke shara maza na buga ƙwallo, kuma yarinyar da ta yi tallan ƙosai da asuba ita ake yi wa bulalar makara.

Idan ya tambaya, "Malama, me ya sa ba ma zuwa unguwarsu?", abin da ya fi ji shi ne, "Yi shiru, ba a wannan magana a nan." Malama tana da hujjarta: tana gudun a kai ƙararta gida a juya zancen, ga yara fal aji, ga shi ba a koya mata yadda ake riƙe irin wannan hira ba. Sai dai tambayar ba ta mutuwa, yaron yakan kai ta ga sa'anninsa a lungu, su ba shi amsar da suka tsinta. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gyaran ba ya buƙatar a zaunar da ɗan aji ɗaya a karanta masa tarihin rikici. Daga abin da ke gabansa ake farawa. A raba shara tsakanin maza da mata, a tambayi yara ko hakan adalci ne. Idan wani ya kira ɗan'uwansa da sunan raini, a tsaya a tambaye shi inda ya ji da abin da yake nufi, kafin a tsawatar. Jos na da wata dama babba: Hausa harshen kasuwa ce, ana wa'azi da ita a masallaci da coci, don haka yaran ɓangarorin biyu za su fahimci juna ba tafinta.

Hira kaɗai ba ta isa ba sai an ga juna. A Arewacin Ireland, iyaye ne suka buɗe Lagan College a 1981 don 'ya'yan Katolika da Furotesta su yi karatu tare, tun wutar rikicin da ke tsakanin ɓangarorin nan biyu ba ta mutu ba. A Jos ana iya farawa da haɗa makarantu biyu-biyu, su riƙa wasanni da kacici-kacici kowane zango, da iyaye a wurin.

Nauyin yana wuyan Hukumar Gina Zaman Lafiya ta Jihar Filato, wadda aka kafa a 2016, da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da kwalejin horar da malamai ta Gindiri. Su horar da malaman ƙananan azuzuwa, su kuma tsaya musu idan ƙorafi ya taso, domin malamin da ke tsoron rasa aikinsa ba zai amsa tambayar yaro ba.