Shirin Musamman: Mai Maganar Za a Duba, ko Maganar?

Daga nan Dakoro, shirinmu na yau zai taɓo wata ɗabi'a da ta zauna mana a fada da kasuwa. Da mutum ya buɗe baki a kan sha'anin ƙasa, tun bai dire ba an yanke masa hukunci: "Ai ƙuri'a yake nema," ko kuwa "Ai shanu gare shi."

Mu ɗauki zancen iyakar noma. A watan Mayun 1961, zamanin Diori Hamani, aka kafa doka mai lamba 61-05 wadda ta ja layi tsakanin ƙasar noma da ta kiwo, kuma a yankinmu wajen kwarin Tarka ake dubawa. Farin 1973 da na 1984, da ƙaruwar jama'a, da gajiyar gonaki suka yi ta tura manoma arewa, amma a 2010 dokar kiwo ta sake tabbatar da layin. To, in wakilin ƙungiyar makiyaya ta AREN ya ce a mutunta shi, sai a ce cikinsa yake yi wa yaƙi. In manomi ya ce layin da aka ja fiye da shekaru sittin da suka wuce bai san yawan bakunan da ake ciyarwa yau ba, sai a ce gona yake so ya ƙara. Duka biyun gaskiya ne, kowannensu yana da abin da yake karewa. Sai dai in aka rufe bakin duk mai amfani a cikin zance, wa zai rage? Wanda bai taɓa riƙe hauya ba, bai taɓa jan guga ba. Alhali abin da suka faɗa ana iya zuwa a gani da ido: burtalin nan a buɗe yake ko an nome shi, dabba na isa rijiya ko ba ta isa, dami nawa gonar arewa ke bayarwa.

Wani zai ce ruwa ba ya tsami banza. Haka ne, kuma niyya tana da wurinta. In alkawari ɗan siyasa ya ɗauka, babu abin aunawa sai halinsa, nan kam a tona tarihinsa. In kuwa hujja ya kawo, sanin manufarsa yana nuna mana inda za mu tsananta bincike ne kawai, ba ya mai da gaskiya ƙarya. Ku tuna Tazarce a 2009, lokacin da Shugaba Tandja Mamadou ya nemi zarcewa a kan mulki. Da 'yan adawa suka ce tsarin mulkin 1999 wa'adi biyu ya yanke wa shugaba, aka ce kwaɗayin kujerar Tandja Mamadou ne ke cin su. Kujerar kam suna so, wa ke musu? Amma kotun tsarin mulki ta duba takarda ta ba su gaskiya, aka rushe ta, aka yi zaɓen raba gardama ran 4 ga Agusta, kuma ran 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka karɓe mulki.

Tun 1993 dokar karkara ta tanadi kwamitocin filaye, waɗanda muke kira kofo, inda manomi da makiyayi da sarakuna ke zama tabarma ɗaya. Masu saurare, in an kira zaman kofo kafin a saki gonaki bana, ku je, ku bar abokin gardamarku ya kai aya, sannan ku ce ya tashi ya nuna muku wurin. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.