Mangalar Babur

Kowa ya san mangala. In za a kai taki gona, a kan ɗora wa jaki akumari, sa'an nan a aza mangala, aljihu ɗaya dama, ɗaya hagu. In gefe guda ya fi nauyi sai ta karkace, jaki ya yi ta tangaɗi, bayansa ya yi miki. To, babur ma yana da tasa mangalar, dokarsu kuwa ɗaya ce.

Akwai wani irin babur da a ke ƙerawa musamman domin doguwar tafiya a mugunyar hanya. Dogo ne, ga babban tanki. Cikin Janairu 1979 masu tsere daga Faris zuwa Dakar suka ratsa Hamada, suka biyo ta Agadas da Yamai. Wanda ya ci tseren a kan Yamaha XT500 ya ke. A 1980 kamfanin BMW ya fito da R80 G/S. A 1983 Yamaha ya fito da nasa, ya sa masa suna Ténéré, watau sunan hamadar nan ta gabas da Agadas. Matafiya su kan yi wata da watanni a kan irin waɗannan babura. Abincinsu, da ruwa, da shimfiɗa, da kayan gyara, duk a bayan babur su ke.

Mazubin kayansu iri biyu ne. Akwai akwatin alminiyam, akwai kuma jakar tamfol mai kauri. Akwati yana da kwaɗo, ɓarawo ba ya buɗe shi da sauƙi. Amma nauyi gare shi, gama biyu tare da ƙarfen da ke riƙe su su kan wuce kilo 10 tun ba a zuba kome ba. In babur ya faɗi, akwati ya kan loɓe, murfinsa ya ƙi rufuwa. Abin da ya fi wannan muni, in mutum ya sa ƙafa ƙasa cikin yashi, akwati na iya bugun ƙwaurinsa ya karye, ga shi babu asibiti kusa.

Jaka ba ta yin haka. Ba ta da nauyi. In an faɗi, lanƙwasawa ta ke yi. In ta yage, allura da zare sun isa. Da lita a ke auna cikinta, galibi lita 25 zuwa 35 kowace ɗaya, watau kamar jarka guda ko fiye. A kan naɗe bakinta sau uku kafin a ɗaure, don kada ruwa ko ƙura su shiga. Aibinta biyu ne. Wuƙar ɓarawo tana yanka ta, zafin salansa kuma yana narka ta.

Hanyar ɗaura ta uku ce.

Ta fari, a haɗa jakunkunan biyu da maɗauri mai faɗi, a aza bisa sirdi sosai kamar mangala. Wannan ta fi araha, amma jaka ta kan yi lilo.

Ta biyu, a kafa ƙarfe mai kusurwa huɗu a kowane gefe, a ɗaure jaka a jikinsa. Ƙarfen nan shi ne akumarin babur. Shi ke kare jaka daga taya da sarƙa da salansa. Mai walda na kasuwa yana iya yinsa.

Ta uku, babu ƙarfe. A kan ɗinka jakar ta hau bayan sirdi ta sauko gefe biyu, a ɗaure ta wuri uku: baya, da wajen matakan fasinja dama da hagu. Ita sai an sa faranti tsakaninta da salansa.

Baburanmu na ƙauye ba su kai waɗancan girma ba, amma mu ma muna kai hatsi da madara kasuwa. Saboda haka ku riƙe waɗannan:

1. Nauyin dama ya zo daidai da na hagu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce.
2. Abu mai nauyi a sa shi ƙasa, kusa da direba. In an tara shi can bisa kariya, ƙafar gaba ta kan yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa.
3. Kada a bar bakin igiya ko roba yana reto. In ya shiga taya, take za ta tsaya cik.
4. Kada a sa fetur a gefen salansa.
5. In an ɗan taɓa tafiya, a tsaya a ƙara ɗaurewa, gama gargada tana sassauta igiya.
6. Babur mai kaya ba ya tsayawa da wuri, sai a taka birki tun da nisa.

Jaki in kaya sun dame shi ya kan turje, mai shi ya gane. Babur ba ya turjewa, sai dai ya kā da kai. Duba kayanka tun kana ƙofar gida.

Tambayoyi

1. Me ya sa matafiya da yawa suka fi son jaka da akwati?
2. Mene ne amfanin ƙarfen gefe?
3. Ina a ke sa abu mai nauyi?