Jin Faransanci Daban, Koyar da Shi Daban

Akwai wata magana da ta ishe ni a zangunanmu na Sokodé da Dapaong: wai duk wanda ya ci jarrabawar BAC, kai ko BEPC ma, zai iya koyar da Faransanci. Da wannan tunani mai makarantar kuɗi yake ɗauko ƙanensa da ya rasa aiki, ya miƙa masa alli, ya ce an sami mushe, wato malami. Iyaye kuma da sun ji shi yana zuba Faransanci ba gargada, sai hankalinsu ya kwanta.

Faransanci shi ne harshen gwamnati da na lakwal a Togo, amma ba shi yara suka sha a nono ba. Ɗan Sokodé da Kotokolanci ya tashi, ɗan Dapaong da Moba ko Gurmanci, ɗan zango da Hausa. Ranar da yaro ya shiga CP1, ajin farko na firamare, aiki biyu ke jiransa: ya koyi baƙon harshe, kuma ya koyi karatu da lissafi a cikinsa.

A nan malamin da bai sami horo ba yake kashe yara da ransu. Ya rubuta jimla a allo, ya karanta, yara su amsa baki ɗaya har rufin kwano ya ɗauka. Mai wucewa ya ce karatu na tafiya. Ka ware yaro ɗaya ka tambaye shi abin da ya faɗa, sai ya sunkuyar da kai. Idan yaro ya kuskure ya yi harshen gidansu, a rataya masa wani ƙashi ko katantanwa a wuya, ya yi ta fakon wanda zai sauke wa, wanda abin ya yini a wuyansa ya sha bulala. Wannan gadon zamanin mulkin mallaka ne, kuma abin da yake koyarwa shi ne shiru. Yaron da ke tsoron buɗe baki, yaushe zai iya harshe?

Horarren malami ya san inda tuntuɓe yake tun kafin yaro ya iso wurin. Ya san Bahaushe ba shi da sautin p da v, don haka zai ware lokaci yana nuna wa yaro yadda ake haɗa leɓe da haƙora. Ya san rana mace ce a Hausa, wata namiji, alhali a Faransanci akasin haka ne, saboda haka ba zai kira yaro daƙiƙi ba idan ya cakuɗa le da la. Yana fara da ji da magana, da hoto da wasa, kafin rubutu. Idan bayani ya cije, ya warware shi da harshen da yaro ya sani, sannan ya koma Faransanci. 'Yan'uwanmu na Nijar sun gwada fara karatu da Hausa a Damagaram tun 1973, Togo ma gyaran ilimi na 1975 ya ba Ewe da Kabiye gurbi a makaranta.

Kuma wuraren koyon wannan sana'a ba a Faransa suke ba. Akwai makarantar horon malaman firamare a Dapaong, akwai a Sotouboua, kudu da Sokodé. Malaman sakandare ana horar da su a Atakpamé, ga kuma Jami'ar Kara. Shirin IFADEM na ƙasashe masu amfani da Faransanci an yi shi ne don malamin da ke bakin aiki ya ƙaro sani ba tare da ya bar ajinsa ba. A Lomé, cibiyar Village du Bénin ta daɗe tana koya wa 'yan Najeriya da Gana Faransanci. 

To, iyaye, kafin ku biya kuɗin makaranta, ku tambayi darakta: malamin CP1 ina ya yi horo? Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinku ne. Ku kai batun wuyan yara gaban taron iyaye, a daina rataye-rataye. Da yamma ku sa yaro ya faɗa muku da Hausa abin da aka koya masa. Idan ya iya, ya gane, idan sai dai ya rera, hadda ce kawai. Kada ku hana shi Hausa a gida da sunan taimako, domin wanda harshensa na farko ya zauna ya fi saurin kama na biyu.

Masu makarantu, ku daina tura sabon shiga ƙaramin aji; gwaninku ya kamata ya riƙe shi. Ku saki malamanku su je taron ƙarin sani na sufeto, ku biya musu kuɗin mota. Malamai kuwa, ku ji tsoron Allah: amana ce aka ba ku, kuma neman horo ba ya rage girman kowa.