Ko Ka Sani? Hoton Allon Lantarki Ake Aika wa Masana'anta

Koren allon nan da 'yan gwangwan na Akwatialine, a Zangon Kumasi, ke ɓallowa daga cikin matacciyar rediyo ko kwamfuta saboda jan ƙarfen da ke jikinsa, ya soma ne a matsayin fayil, wato bayanan da kwamfuta ke adanawa, kuma galibin irin waɗannan alluna da tsarin fayil na Gerber aka buga su. Tsarin ya samo sunansa daga kamfanin Joseph Gerber, haifaffen Ostiriya da ya yi hijira zuwa Amurka a 1940, wanda ya ƙera injin da ke zana hanyoyin lantarki a kan fim da hasken fitila.

Har yau umarnin da ke cikin fayil ɗin bai rabu da wannan fitila ba, domin D01 na nufin a ja layi da haske, D02 a matsa ba tare da zane ba, D03 kuma a ƙyasta hasken a wuri guda, inda za a ɗora ƙafar wani sashe. Kowane shimfiɗi na allon yana da fayil nasa: na jan ƙarfe daban, na koren fentin da ke hana dalma malala daban, na fararen haruffa daban, ramukan da za a huda kuwa an saba aika su a tsarin Excellon. Tsohon salon RS-274-D ba ya ɗauke da girma da siffar ɗigon hasken, sai an haɗa da wani jeri daban, abin da ya sha jawo kuskure har zuwa fitowar RS-274X a 1998. Kamfanin Ucamco na Beljiyam, mai kula da tsarin a yanzu, ya ƙara salon X2 a 2014.

Abin lura shi ne, Gerber hoto ne na allon, ba ya bayyana dalilin haɗa wannan sashe da wancan, don haka masana'anta na iya buga allo dubu ba tare da sanin aikinsa ba. Tsarin ODB++, wanda ke hannun Siemens, da IPC-2581 da ya fito a 2004, suna tattara shimfiɗai da ramuka da jerin sassa wuri guda, amma ba su ture Gerber ba, kuma da wuya su ture shi nan kusa, tunda babu masana'antar allo da ba ta karanta shi.

Ainihin taswirar da'irar lantarkin takan zauna ne a manhajar da aka yi zanen da ita, kamar Altium ko KiCad wadda ake samu kyauta, kuma kamfanoni ba kasafai suke sakinta ba. Wannan ne ya sa mai gyaran waya a Kumasi yakan bi hanyoyin allon ɗaya bayan ɗaya da mitar awon lantarki, idan kuwa hanyar da ta yanke tana binne a shimfiɗin ciki, inda ido ba ya kaiwa, sau da yawa sai allon ya koma hannun 'yan gwangwan.