Askin Bob: Yadda Ake Gyara Shi A Gida Ba Tare Da An Ƙona Gashi Ba

Askin bob, wato gashin da ake yankewa daidai haɓa ko ƙasa da kunne kaɗan ya zagayo har ƙeya, ya haura shekara 100 yana fita yana dawowa a fagen kwalliyar mata. A biranen Nijeriya irin su Abuja da Legas da Fatakwal ana ganinsa ta hanya biyu. Wasu mata gashin kansu ake yanke musu, wasu kuma hular gashi suke saya wadda aka riga aka yanka a wannan siffa. Kowace hanya mace ta bi, kan yana kyau a ranar da ta fito daga shagon gyaran gashi. Matsalar takan fara ne bayan wankin farko a gida, lokacin da ta ɗauki na'ura mai zafi da hannunta tana neman dawo da siffar da aka yi mata.

A birnin Paris na ƙasar Faransa, wani mai gyaran gashi ɗan asalin Poland da aka fi sani da Antoine ya fara yanke wa mata gashi gajere tun wajen 1909. A Amurka kuma 'yar rawa Irene Castle ce ta sa askin ya yi suna a wajen 1915, kafin 'yan fim irin su Louise Brooks su mayar da shi alamar shekarun 1920. Sai dai wanda ya fi barin darasi mai amfani ga mai gyara a gida shi ne Vidal Sassoon na birnin Landan, wanda ya yanke dogon gashin 'yar fim Nancy Kwan a 1963. Ra'ayinsa shi ne almakashi ne ya kamata ya ba gashi siffa, ta yadda mace za ta wanke kanta, gashin ya koma mazauninsa ba tare da wahala ba. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, idan tun farko yankan bai daidaita ba, babu zafin da zai daidaita shi. Mace za ta yi ta maimaita guga a gefen da ya fi tsawo, ta ƙona gashin, gefen kuma yana nan yadda yake.

Abin da zafi ke yi wa gashi

Silin gashi ya ƙunshi wani furotin da ake kira keratin, kuma akwai ɗauri iri biyu da ke riƙe da siffarsa. Na farko mai rauni ne, ruwa da zafi suna kwance shi, ya sake ɗaurewa idan gashin ya bushe ya huce. A kan wannan ɗauri ne diraya da na'urar miƙar da gashi ke aiki, shi ya sa gashin da aka miƙar kan koma yadda yake da zarar ruwa ya taɓa shi. Na biyu mai ƙarfi ne, kuma shi ne man rilaksa ke karyawa, abin da ya sa sakamakonsa ba ya wankuwa.

Haɗarin yana nan ne a inda zafi ya wuce iyaka. Yawancin na'urorin miƙar da gashi da ake sayarwa a kasuwa suna kaiwa digiri 230 a ma'aunin Selshiyas, wanda ya yi kusa da matakin da keratin ke fara lalacewa. Gashi kuwa ba fata ba ne da zai warke. Ɓangaren da ya fito daga fatar kai ba shi da rai, don haka duk abin da ya ƙone ya ƙone ke nan, sai dai a yanke a jira sabo. Da yake gashi kan ƙaru da kimanin santimita ɗaya ne kawai a wata, bob mai tsawon santimita 20 yana ɗauke da gashin da ya shafe sama da shekara ɗaya da rabi yana tsirowa. Kuma mai dogon gashi tana iya tufke bakin da ya lalace ta ɓoye shi, amma a bob bakin gashin ne ainihin adon, shi ido ke fara gani.

Masu sana'ar kan ba da shawarar a tsaya tsakanin digiri 150 zuwa 170 ga gashi mai laushi, ko wanda aka sa wa rilaksa ko rini, domin sinadari ya riga ya raunana shi. Gashi mai kauri wanda ba a taɓa sa masa sinadari ba yana iya ɗaukar digiri 180 zuwa 200. Kamfanin ghd na Ingila ma ya tsayar da na'urorinsa a digiri 185 ba tare da maɓallin ƙarawa ba. A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a kula da shi: na'urorin da aka yi domin kasuwar Amurka da ma'aunin Faranhait suke nuna zafi. Lamba 365 a jikinsu ita ce digiri 185, lamba 450 kuwa ta ɗan haura digiri 230. Na'urar da ba ta da ma'auni ko kaɗan, sai kunnawa da kashewa, ita ce mafi arha, kuma ita ce ta fi cin gashi.

Daga wanki zuwa busarwa

Aikin yana farawa ne daga wanki. Gashin da ke ɗauke da mai da ƙura na kwanaki, idan aka ɗora masa ƙarfe mai zafi, dattin ne ke soyuwa a jikinsa, ga wari ga rashin sheƙi. A wanke da shamfu, a bi da kwandishina a bar shi ya yi 'yan mintuna, sannan a ɗauraye sosai. A matse ruwan da tawul ko tsohuwar riga ta auduga ba tare da an murza ba, a warware sarƙewa da mataji mai manyan haƙora, ana farawa daga baki zuwa tushe.

Bayan haka sai man kariya daga zafi, wanda galibi ya ƙunshi sinadarin silikon da ke lulluɓe silin gashi ya rage saurin shigar zafi. Yana rage ɓarna ne, ba ya hana ta gaba ɗaya. Man kaɗanya da man kwakwa da basilin suna da amfaninsu a wasu ranaku, amma ba su dace da wannan mataki ba. Suna sa bob ya yi nauyi ya manne da kai, alhali kyawunsa shi ne ya yi lilo idan mace ta juya.

Busarwa da diraya ita ce rabin aikin, ko ma fiye. A raba gashin kashi huɗu zuwa shida a kama kowanne da shirin gashi, a fara daga ƙeya. A sa bakin nan siriri da ke zuwa tare da diraya, wanda mutane da yawa ke jefarwa a kwali, domin shi ke tattara iska wuri ɗaya. Iskar ta riƙa bin gashi daga tushe zuwa baki, tana kallon ƙasa, saboda ɓawon da ke lulluɓe da silin gashi a jere yake kamar ɓawon kifi, kuma iskar da ta bi shi ta wannan hanya tana kwantar da shi. Mai gashi mai murɗewa sosai za ta fi samun sauƙi da bakin diraya mai haƙoran mataji, ko ta ja kashin gashin da hannu ta miƙar da shi tana bin sa da iska mai matsakaicin zafi. Burushi mai zagaye kuma shi ke lanƙwasa bakin gashi zuwa ciki: a naɗe bakin a jikinsa, a hura iska mai zafi na 'yan daƙiƙu, a bi da mai sanyi kafin a zare. Sanyin ne ke kafa siffar.

Dole ne gashi ya bushe ƙarau kafin ƙarfe ya taɓa shi. Ruwa na tafasa a digiri 100, kuma idan akwai sauran laima a cikin silin gashi, tururin yana fashewa a ciki ya bar ƙananan kumfa da likitocin fata ke gani a madubin ƙara girma. Daga nan gashin ke karyewa. Duk ƙarar da aka ji kamar ta ruwa a kasko alama ce ta a dakata.

Miƙarwa da lanƙwasa baki

Da na'urar miƙar da gashi, wadda ake kira sitireca a shaguna, ƙa'idar ita ce kashi ƙanana da wucewa sau ɗaya. A ɗebi gashin da bai fi faɗin bakin na'urar ba, siriri yadda zafi zai ratsa shi, a sa mataji mai ƙananan haƙora a gaba, na'urar na biye da shi a hankali ba tare da tsayawa ba. Wucewa ɗaya a natse ta fi wucewa biyar a gaggauce. Ga bob, na'ura mai faɗin kimanin santimita biyu da rabi ta fi dacewa, domin mai faɗi ba ta kama gajeren gashin ƙeya.

Idan an zo santimita uku na ƙarshe, a ɗan karkata hannu zuwa wajen wuya, kaɗan kawai. Karkatawa da yawa takan bar lanƙwasa mai kaifi kamar ƙugiya. Mai son baki a miƙe sai ta sauke hannun kai tsaye. Ƙeya ita ce wurin da aka fi ƙona wuya da kunne, don haka madubi biyu na da amfani, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma a sa mataji tsakanin ƙarfe da fata. Bayan an gama, ɗigo biyu na man sheƙi mara nauyi a tafin hannu sun isa, a shafa daga tsakiyar gashi zuwa baki.

Likitoci a Amurka sun bayyana wani nau'in zubewar gashi daga tsakiyar kai a 1968, suka danganta shi da matajin ƙarfe da ake ɗorawa a wuta tare da mai. Daga baya an sauya wa cutar suna saboda an same ta a matan da ba su taɓa amfani da matajin ba, amma har yanzu likitocin fata na jan hankali kan yawan zafi kusa da fatar kai. Haka kuma wasu mayukan da ake tallatawa da sunan gyaran keratin suna fitar da iskar fomaldehaid idan aka gasa su da ƙarfe, sinadarin da aka tabbatar yana cikin masu jawo ciwon daji. Duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da karanta abin da man ya ƙunsa ya fi dogaro da bakin mai talla.

Mai hular gashi kuma ta fara tabbatar da irin gashin da ta saya. Gashin mutum na gaske yana ɗaukar zafi, ko da yake ya fi saurin bushewa tun da ba ya samun mai daga fatar kai. Gashin roba kuwa narkewa yake yi, sai wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana jure zafi, shi ma a mataki na ƙasa. A gwada a wani ɗan sili na cikin ƙeya tukuna, kuma a yi gugar a kan sandar ajiye hula, ba a kai ba.

Akwai kuma batun wutar lantarki. Nijeriya na amfani da bolt 230, Amurka kuma 120, saboda haka na'urar da aka kawo tsaraba daga can tana iya ƙonewa nan take idan ba a rubuta 100 zuwa 240 a jikinta ba. Diraya ta hannu kan ci wat 1,500 zuwa 2,000, ƙarfin da ya fi na ƙaramin janaretan gida wanda bai kai wat 1,000 ba. Kada a yi amfani da ko ɗaya daga cikinsu kusa da bokitin ruwa, kuma a zare filogi da zarar an gama.

Yanayi ma yana da ta cewa. A Legas da Fatakwal, da kuma ko'ina lokacin damina, laimar iska na kumbura gashin da aka miƙar cikin sa'o'i, kuma maimaita guga kowace safiya ita ce hanyar da ta fi saurin lalata shi. A lokacin hunturu kuwa bushewa ce matsalar, gashi na karyewa ko ba a taɓa shi ba. Abin da ke tsawaita gyara a duka yanayin biyu shi ne naɗe gashin da dare: a taje shi yana zagaya kai, a kama da shiri, a ɗaura ɗankwalin siliki ko satin. Macen da ke sa hijabi ko ɗaurin kallabi da rana za ta amfana da sa hular satin a ciki, domin auduga na shanye laimar gashi tana kuma gogar bakinsa.

Da irin wannan kulawa gyara ɗaya kan kai mako guda zuwa biyu, kuma zafi sau ɗaya bayan kowane wanki ya wadatar. Wadda aka sa wa rilaksa ko rini ta jinkirta ƙarfe na aƙalla mako guda. Layin bob kan fara gocewa bayan mako shida zuwa takwas, lokacin da ya kamata a koma wurin mai almakashi. Idan kuwa bayan wanki aka ga wani sashe na gashi mai murɗewa ya ƙi komawa siffarsa, ya tsaya a miƙe kamar zare, zafi ya riga ya yi masa illa, kuma a wannan zuwan ne za a nuna wa mai askin ta rage shi.