Idan fitilar mota ta yi gumi: yadda ake kwance ta da yadda ake busar da ita

Duk wanda ya saba sammakon cin kasuwar kan iyaka ya san cewa rabin tafiyar a cikin duhu ake yin ta. Mai son ya riski kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ta Illela ranar Lahadi, ko ta Maraɗi ranar Litinin da Juma'a, tun kafin asuba yake barin gida, kuma sau da yawa sai bayan magariba yake kamo hanyar dawowa. A waɗannan sa'o'i, ran direba da na fasinja da dukiyar da aka lafta wa mota duk suna rataye ne a kan fitilu biyu na gaba. Ga amalanke ba fitila, ga garken shanu na tsallaka kwalta, ga ramukan da ruwan sama ya haƙa.

Da damina ta kankama, musamman a watan Agusta, mun sha ganin motoci a tasha da fitilunsu sun yi fari fat daga ciki, kamar idon da ya yi yana. Direba ya sa tsumma ya goge, abin bai gogu ba, domin ruwan yana bayan gilashi. Daga nan sai a fara ba shi shawarwari: wannan ya ce a huda ƙasan fitilar ruwa ya tsiyaye, wancan ya ce a bi duk wata kafa a liƙe da gam. Dukkan shawarwarin biyu ɓarna suke jawowa, kuma dalilin da ya sa muka ɗauko wannan batu ke nan a yau.

Daga ina ruwan yake zuwa?

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, fitilar mota ba a rufe take ruf ba. Masu ƙera ta da gangan suke bar mata ƴan ƙananan kafofi a baya, wasu da lanƙwasasshen bututun roba, wasu da ɗan ƙyalle mai hana ƙura shiga. Idan aka kunna ƙwai, iskar da ke ciki takan yi zafi ta kumbura ta fita ta waɗannan kafofi. Idan aka kashe, fitila ta huce, sai ta zuƙo sabuwar iska daga waje. Ke nan fitila numfashi take yi.

Ita kuwa iskar damina ɗauke take da laima. Iska mai zafin digiri 30 tana iya riƙe ruwa kimanin giram 30 a kowace mita guda mai murabba'in akwati, amma idan ta huce zuwa digiri 20, abin da za ta iya riƙewa bai wuce giram 17 ba. Ragowar dole ya sauka a wani wuri, kuma wurin da ya fi sanyi a fitila shi ne gilashin gaba, wanda ruwan sama ko iskar dare ke bugawa. Abin da ke faruwa da kwalbar lemo mai sanyi idan aka fito da ita daga firji, shi ne ke faruwa a nan, sai dai gumin ta ciki yake fitowa.

Saboda haka sai a bambanta abu biyu. Idan ɗan hazo ne siriri a gefe ko a ƙasan gilashi, wanda ke bayyana bayan ruwan sama ko bayan an wanke mota, kuma ya ɓace idan an yi tafiyar kamar rabin sa'a da fitila a kunne, to wannan ba ciwo ba ne, a bar shi. Motocin da ke da fitilar LED sun fi jinkirin bushewa, don haskensu ba ya ɗumama gilashin gaba kamar yadda ƙwan halojin ke yi. Amma idan ɗigo ne manya-manya suna gangarowa, ko ruwa ya kwanta a ƙasa, ko kuma fitila ɗaya ce kullum ke jiƙe alhali ƴar'uwarta a bushe take, to yoyo ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ruwan ke ɓatawa

Ɗigon ruwa a jikin gilashi yakan tarwatsa haske. Maimakon ya tafi gaba ya sauka a kan hanya, sai ya watsu ko'ina, direba ba ya gani da nisa, mai tahowa kuma an kashe masa ido. Bayan wannan, farantin nan mai ƙyalli da ke bayan ƙwai, wanda ke turo haske gaba, shafe ne na alminiyom da bai kai kaurin gashi ba. Idan ruwa ya daɗe a kansa sai ya dushe ko ya saɓule, a tsofaffin motoci irin Peugeot 504 masu farantin ƙarfe kuma ya yi tsatsa. Farantin da ya mutu ba ya farfaɗowa ko da an sa masa sabon ƙwai.

Shi kansa ƙwan halojin, zafin gilashinsa yakan haura digiri 250 idan yana ci, ɗigon ruwa mai sanyi ɗaya ya isa ya fasa shi. Motar da ta koma ido ɗaya kuwa, mai tahowa yakan ɗauka babur ne, ya matso tsakiyar hanya. Ba mu ma yi maganar tsayuwar da za a sha a shingen jandarmomi ko na ƴan sanda ba, da kaya masu lalacewa a bayan mota.

Kafin a ɗauki sufana

Sau da yawa ba sai an kwance komai ba. A buɗe bonet a leƙa bayan fitilar. Akwai murfi na roba da ke rufe inda ake sa ƙwai. A gwada shi da ƴar'uwar fitilar: yana nan? Ya zauna daidai? Ya tsage? Yaran gareji kan manta da shi bayan sun canja ƙwai, wasu kuma su yanke shi don su cusa ƙwan LED wanda gindinsa ya fi ramin girma. Sannan a duba kafofin numfashi. Ƙurar hunturu da laka da gidan zanzaro duk suna toshe su, kuma fitilar da ta toshe ba ta da hanyar fitar da laimar da ta shiga. Idan matsalar a nan take, a gyara murfi, a share kafa, a cire ƙwai a bar motar a rana na yini guda, shi ke nan.

Idan kuwa sai an kwance, to da dare kafin ranar aikin a tsayar da motar a wuri mai shimfiɗe, ta fuskanci bango, a kunna ƙaramin haske, wato dim, a sa alli ko gawayi a zana inda iyakar hasken kowace fitila ta tsaya. A kuma yi alama a ƙasa inda tayoyi suke. Wannan zane zai yi amfani a ƙarshe.

Yadda ake kwancewa

A kashe mota, a zare makulli, a jira fitila ta huce, sannan a cire kan batir mai alamar ragi. Wannan ya zama tilas ga motar da ke da fitilar zenon, irin mai farin hasken nan, domin na'urar da ke tayar da ita tana harba wuta da ta haura bolt 20,000. Wanda bai saba ba, gara ya kai wa mai wayarin.

Yawancin fitilu noti uku ko huɗu ke riƙe da su, galibi masu cin sufana lamba 10, wasu kuma kusoshi masu kan tauraro. Biyu na sama a fili suke. Na ƙasa ko na gefe su ne masu ɓuya, kuma a yawancin motocin da aka ƙera daga shekarun 2000 sai an sassauta bamba, an cire ƴan maɓallan roba da ke riƙe da ita, kafin hannu ya kai gare su. Idan an cire notin da ake gani amma fitila ta ƙi fitowa, kada a fizga. Akwai saura. Kunnuwan da ke riƙe fitila na roba ne, rana ta gasa su shekara da shekaru, da an matsa sai su ɓalle, kuma fitilar da kunnenta ya karye rawa za ta riƙa yi a kan hanya.

A kula kuma da wasu kusoshi biyu da ke bayan fitilar, masu kama da ƙaramin giya. Waɗannan na saita haske ne, sama da ƙasa, hagu da dama. Ba su riƙe komai ba, kada a murɗa su. Idan fitila ta saki, a jawo ta gaba kaɗan, a danna ƴar ƙugiyar soket a zare shi da hannu, ba ta hanyar jan waya ba. A cire ƙwai ta gindinsa. Kada yatsa ya taɓa gilashin ƙwan halojin, domin maiƙon hannu na sa wurin ya yi zafi fiye da kima har ƙwan ya mutu da wuri.

Busarwa da neman kafar yoyo

A juye ruwan da ke ciki. Idan ruwan laka ne, irin wanda ake kwasowa wajen tsallaka ƙorama, a ɗauraye da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, amma a tabbata ba asid ba ne. Ruwan rijiya yakan bar tabon gishiri idan ya bushe. Kada a zura tsumma ko soso a goge farantin, shafensa zai biyo tsumman. Kada kuma fetur ko tina su kusanci fitilar. Tun daga shekarun 1990 abin da muke kira gilashin fitila a yawancin motoci roba ce mai ƙarfi, kuma waɗannan abubuwa suna sa ta tsattsage.

A ajiye fitilar a rana, ramukan baya na kallon sama, a yafa siririn ƙyalle don ƙura. Mai gaggawa ya ari na'urar busar da gashi, ya hura iska mai ɗumi ta rami ɗaya ta fita ta wani, yana yi yana hutawa. Garwashi da risho ba su da wuri a wannan aiki. Ƴan ƙunshin ƙwayoyin nan farare da ƴan kasuwarmu ke tararwa a kwalin takalma da na rediyo suna tsotse laima, ana iya zura su ciki na dare ɗaya a ɗaure da zare, amma a fito da su kafin a mayar da ƙwai.

Busarwa kaɗai ba magani ba ce. Idan ba a gano inda ruwa ke shiga ba, ruwan sama na gaba zai mayar da hannun agogo baya. Dabarar mai faci ita ce ta fi sauƙi: a toshe ramukan baya na ɗan lokaci, a shafa ruwan sabulu a kan haɗin gilashi da gindi da kuma kusa da kunnuwa, a hura iska a hankali da baki ko da famfon keke. Inda kumfa ta tashi, nan ne. Ƙaramar tsaga a gindi ana liƙe ta ta waje da gam mai haɗi biyu. Idan haɗin gilashin ne ya saki, baƙin danƙon nan da ake kira butil shi ne abin da masu ƙera fitilu da yawa ke amfani da shi: zafi na sa shi laushi, a ɓamɓare gilashin a hankali, a kankare tsohon, a shimfiɗa sabo a matse. Sai dai wasu fitilun an haɗa su da gam da zafi ba ya narkarwa, waɗannan ta waje kawai ake bin haɗin. A guji silikon mai tsamin wari, tururinsa na iya dusar da cikin fitila. Abu mafi muhimmanci, a buɗe kafofin numfashi kafin a mayar. Wanda ya liƙe su ya kulle laima a ciki, wanda ya huda sabon rami kuma ya buɗe wa ƙurar hunturu ƙofa, sai ta haɗu da laima ta zama taɓo a kan faranti.

Mayarwa, da sayen wata

A sa soket a gwada dim da babban haske da sigina kafin a ɗaure bamba. Da dare a mayar da motar kan alamar tayoyi, a ga ko haske ya koma kan zanen bango. Wanda bai yi zane ba, ya duba jikin fitilar, sau da yawa akwai lamba kamar 1% ko 1,2%. Ma'anar 1% ita ce, idan bango na nesa da mita 10, iyakar hasken dim ta sauka santimita 10 ƙasa da tsayin tsakiyar fitilar. Mu da ke lafta buhuna a baya sai mu tuna cewa kaya na ɗaga kan mota, hasken ya tashi sama ya shiga idon mai tahowa.

Idan faranti ya riga ya mutu, sai saye. A nan ma akwai tarko. Nijar da Najeriya da Benin da Kamaru da Chadi da Ghana duk hannun dama ake bi. Najeriya ta koma dama a 1972, Ghana a 1974. Fitilar da aka ciro daga motar Ingila ko ta Japan kuwa an yi ta ne don masu bin hagu, tana ɗaga haskenta ta ɓangaren da masu tahowa suke a hanyoyinmu. A fitilu masu tambarin Turai, wato harafin E a cikin da'ira, kibiya mai kai ɗaya a kusa da tambarin na nufin ta masu bin hagu ce, mai kai biyu ta yi wa kowa, wadda ba ta da kibiya ita ce tamu. Haka kuma kada a ruɗu da ƙwai mai wat 100 don a rama hasken da ya ragu. An yi fitilar da wayoyinta ne don wat 55 ko 60, kamar yadda aka rubuta a gindin ƙwan H4 da H7, ƙarin zafin soket yake narkarwa, ya ƙona faranti.

Ga masu wankin mota kuma, a gaya musu su daina dasa bakin tiyo mai ƙarfi a bayan fitila da kan haɗinta, musamman idan motar yanzu ta tsaya tana da zafi. Duba murfi da share kafofin numfashi aikin minti goma ne a jajibirin kasuwa, kuma ya fi a tsaya ana lalube a daji tsakanin Ɗan Isa da Jibiya. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa.